Littafi da Taƙaitawarsa

Akawu ne ni, tun ina saurayi ban san wata sana'a ba sai ita. Abin da akawu ya fi yi kuwa shi ne kwafe maganar wani da taƙaita ta. Hakimi zai zauna da masu ƙara tun hantsi har azahar ana ta kai da kawowa, sa'an nan ya juyo ya ce, "Akawu, rubuta." Abin da aka wuni ana faɗi sai in zuba shi cikin layi biyar. To, wannan sana'a ce ta sa na gane kan wata gardama da ta tashi tsakanin maƙwabtana biyu Kirista, wadda ta kusa ɓata auren 'ya'yansu. Ni Musulmi ne, ban kuwa ɗauki alƙalami domin in yi musu alƙalanci a kan addininsu ba. Abin da na gani da abin da na karanta zan faɗi, gama na tabbata akwai amfani a ciki ga duk wanda Allah ya buɗe wa ido ya iya karatu.

Bari in fara da kuskuren kaina, domin shi ne mabuɗin zancen. Ina sabon kama aiki aka kawo maganar wata gona. Wani dattijo ya ba wani baƙo gonarsa aro, bisa sharaɗin ran da 'ya'yansa suka kawo ƙarfi a mayar musu. Aka rubuta zancen duka, shafi goma sha ɗaya, da sunayen shaidu, da iyaka daga tsamiya zuwa bakin kwari, kowa ya dangwala yatsa. Sai aka ce in shigar da taƙaitawa cikin babban littafin rajista. Yamma ta yi, na gaji, na rubuta cewa an ba wane gonar wane. Kalmar "aro" ta kuɓuce mini, harafi uku tak. Takardun asali kuwa aka ɗaure su da zare aka jefa cikin akwatin ƙarfe.

Bayan shekara tara dattijon ya riga mu gidan gaskiya, yara sun girma, uwarsu ta zo da su neman gonar ubansu. Baƙo ya ce ai kyauta aka ba shi. Aka buɗe rajista aka karanta layin nan da na rubuta da hannuna, kowa ya ce magana ta ƙare, tun da ga shi a rubuce. Sai tsohuwar ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, na ji a rubuce yake. Amma ni ina wurin ran da aka yi maganar. A dubo uwar takardar." Kwana biyu ina tonon akwati cikin ƙura da gara kafin in same ta. Ga kalmar nan a shafi na uku, ga ta kuma a shafi na tara. Gumi ya karyo mini. Na tafi gaban hakimi na faɗi na ce laifina ne, aka mayar wa marayu gonarsu.

Abu biyu na koya a ran nan. Na ɗaya, taƙaitawa ba ta da ƙarfin kanta, ƙarfin uwar takarda take ci, in ta saɓa mata ta zama banza. Na biyu kuwa ya fi wuyar ganewa. Sa'ad da aka karanta shafi goma sha ɗayan nan a bainar jama'a, sai kowane ɓangare ya cafke jimlar da ta yi masa daɗi ya riƙe, gardama ta nemi komawa ɗanya. Ba a tashi ba sai da hakimi ya sāke juyowa ya ce, "Akawu, rubuta," na yi sabuwar taƙaitawa, aka karanta kowa ya ji. Ashe ita ma ba a iya zama ba tare da ita ba.

To, ga labarin maƙwabtana. Ɗaya malamin makaranta ne, iyayensa mutanen Wusasa ne kusa da Zariya, ɗan cocin Angalika. Ɗayan dattijo ne da ya ajiye aikin ɗakin shan magani, asalinsa daga wajen Garkida cikin ƙasar Adamawa. Ɗan dattijon ya ga 'yar malamin yana so, manya suka shiga maganar, har an kai gaisuwa. Ran wata Lahadi dattijo ya bi ɗansa zuwa cocin su malam domin zumunci. Ana cikin sujada jama'a suka miƙe suka faɗi abin da suke kira shaidar bangaskiya da murya ɗaya. Dattijo ya miƙe tare da su, amma bai buɗe baki ba. Idon mutane kuwa ba ya barci, kafin la'asar zance ya gama unguwa.

Malam ya same shi ya ce, "Baba, lafiya na ga ka yi shiru?" Dattijo ya ce, "Malam, abin nan da kuka faɗi na duba Littafi ban ga inda aka rubuta shi ba. Mutane ne suka tsara shi. Ubana ya hore ni kada in sa bakina kan rantsuwar da mutum ya shirya, Sabon Alkawari ya ishe ni." Malam ya ce, "In ba ka faɗi abin da ka gaskata ba, yaya zan san gidan da zan kai 'yata?" Magana ta yi tsami. Da dare dattijo ya yi mini sallama, domin idonsa ya yi rauni ni nake rubuta masa wasiƙa, ya ce in rubuta wa malam cewa sun janye. Na ce, "Baba, dare ya yi, a bari ya huce, gobe ma rana ce." Washegari na tafi wurin malam na ari littattafai, na shiga karatu da tambaya, domin matambayi ba ya ɓata.

Ga abin da na samu. Littafi Mai Tsarki na Kirista tarin littattafai ne, kashi biyu, Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. 'Yan Furotesta suna ƙirga littattafai 66, 'yan Katolika 73, amma duka sun yarda Sabon Alkawari littattafai 27 ne. Shaidar bangaskiya kuwa 'yar gajeriyar magana ce wadda ake faɗi cikin minti ɗaya ko biyu, ta tattara manyan abubuwan da suka gaskata. Biyu ne suka fi shahara, ta Manzanni da ta Nikiya. Ta Manzanni, ko da yake sunansu take ɗauke da shi, masana sun nuna ba su ne suka rubuta ta ba. Ta tsiro ne daga tambayoyin da ake yi wa mai shiga addinin a birnin Rum kafin a yi masa baftisma, ta yi ta daidaituwa har ta tsaya yadda take yau wajen ƙarni na 8.

Wanda ya yi makarantar allo ba zai sha wuyar gane amfanin irin wannan ba. Bayan sauka ai da ƙananan littattafai muka fara, su Ahalari da Ishmawi, sa'an nan Risala, domin su ne suka tsamo wa almajiri abin da zai riƙe a sauƙaƙe. Ba kuwa almajirin da zai ce ɗayansu ya kai darajar Alƙur'ani. Misali ne kawai na kawo domin kusantarwa, ban ce abin nasu da namu ɗaya ba ne.

Shaidar Nikiya gardama ce ta haife ta. Mu Musulmi mun san Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bawan Allah ne kuma manzonsa, imaninmu dabam yake da nasu. Amma yanzu labarinsu nake bayarwa yadda su suke faɗinsa. A birnin Iskandariya ta ƙasar Masar an yi wani limamin coci mai suna Ariyus, wanda ya koyar cewa Almasihu, wanda Kirista suke kira Ɗan Allah, halitta ne, yana da farko. Bishof ɗinsa ya ce atafau ba haka ba ne. Rigima ta bazu cikin ƙasashen gabas har ta dami Sarkin Rum Kustantin, ya kira taron bishof-bishof a shekara ta 325 a garin Nikiya, wanda yanzu ake kira Iznik cikin ƙasar Turkiyya. Wajen mutum 300 suka hallara.

Wani mai suna Atanasiyus, wanda ya halarci taron yana saurayi, daga baya kuma ya zama bishof na Iskandariya, ya ba da labarin yadda aka yi. Da fari an so a tsaya kan kalmomin Littafi kaɗai. Amma duk ayar da aka kawo sai mutanen Ariyus su ƙyafta wa juna ido, domin sun ga za su iya karɓarta da tasu fassarar. Da aka ga haka sai aka ɗauko wata kalma ta Helenanci, homo'usiyos, ma'anarta Uba da Ɗa zatinsu ɗaya ne, aka sa cikin shaidar. Kalmar nan ba ta cikin Littafi ko sau ɗaya. Bishof biyu suka ƙi sa hannu, aka kore su tare da Ariyus. Duk da haka wuta ba ta mutu ba. Shekaru da yawa ana ta cewa don me za a ɗaure mutane da kalmar da Littafi bai faɗa ba, har wani taro da aka yi a Sirmiyum a 357 ya ce a daina amfani da ita. Atanasiyus kuwa ya dage cewa ko kalmar ba ta ciki, ma'anarta tana ciki, aka kore shi daga kujerarsa har sau biyar. Sai a 381, a taron birnin Kustantiniya, watau Istanbul ta yau, aka tabbatar da shaidar aka ƙara mata bayani. Da na karanta wannan sai na tuna da masu gonar nan, kowa riƙe da jimlar da ta yi masa daɗi.

Amma taƙaitawa tana da nata haɗarin, ni shaida ne. Ni kalma na yar, su kuwa kalma suka ƙara. Asalin shaidar ta ce Ruhu Mai Tsarki daga Uba yake fitowa. Sai Kiristan yamma masu sujada da Latin, tun daga ƙasar Sifen wajen ƙarni na 6, suka ƙara kalma guda mai nufin har da Ɗa. Paparoma Liyo na Uku, a farkon ƙarni na 9, ya ƙi yarda a shigar da ita, har ya sa aka zana shaidar a kan allunan azurfa biyu ba tare da ƙarin ba. Duk da haka a 1014 Rum kanta ta karɓa. Kiristan gabas suka ce ba wanda yake da ikon taɓa abin da taron kowa da kowa ya tsayar. Wannan yana cikin manyan dalilan rabuwar gabas da yamma a 1054. An janye tsinuwar da suka yi wa juna a 1965, amma har yau coci biyu ne.

Sai kuma zamanin Martin Luta, wani malamin addini na ƙasar Jamus. A 1517 ya rubuta batutuwa 95 yana sukar sayar da takardun sassauta horon zunubi da ake yi da sunan coci. Da aka matsa shi wurin muhawara a birnin Leipzig a 1519, sai ya fito fili ya ce taron bishof-bishof ma yana iya kuskure. A 1521 aka tsayar da shi gaban Sarki Sharl na Biyar a garin Worms aka ce ya janye littattafansa. Ya amsa cewa ba zai janye ba sai an nuna masa kuskurensa daga Littafi ko da hujja bayyananniya, domin Paparoma da majalisu sun sha saɓa wa juna. Aka yanke masa hukuncin zama ɗan tawaye, wani basarake ya ɓoye shi a gidan sarauta na Wartburg, a can ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci cikin mako goma sha ɗaya, aka buga a 1522. Injin ɗab'i kuwa ya riga ya samu tun zamanin Gutenberg, wajen 1455, saboda haka littafi ya shiga hannun manomi da maƙeri. Ku lura da wannan, ya ku masu karatu. Muddin mutum bai iya karatu ba, ko littafi yana cikin harshen da ba ya ji, dole abin da aka taƙaita masa zai riƙe, ko daidai ko ba daidai ba. Ba a banza aka kashe William Tyndale a 1536 ba, mutumin da ya buga Sabon Alkawari da Ingilishi a 1526.

Abin mamaki, shi Luta bai zubar da shaidar bangaskiya ba. A 1529 ya rubuta ɗan littafin tambaya da amsa domin yara da iyayen gida, a ciki ya bi shaidar Manzanni yana fassarawa. A 1530 mabiyansa suka miƙa wa sarki tasu takardar aƙida a Augsburg, babi 28. Abin da suka tsaya a kai shi ne Littafi ne alƙali, takardun aƙida kuwa shaidu ne, ana auna su da shi. Haka cocin Ingila, uwar cocin Angalika, ta rubuta cikin ƙa'idodinta 39 na shekarar 1571, cewa duk abin da ake bukata domin ceto yana cikin Littafi, ana karɓar shaidar bangaskiya ne saboda ana iya tabbatar da ita daga Littafi, majalisu kuma suna iya kuskure. 'Yan Katolika kuwa, a taronsu na Trento a 1546, suka ce Littafi da koyarwar da aka gada baki da baki daga manzanni duka ana karɓarsu da girmamawa ɗaya. A babban taronsu na Batikan, a 1965, suka ƙara bayani cewa masu koyarwa na coci ba sa bisa Maganar Allah, hidima suke yi mata.

Ko waɗanda suka ce Littafi ne alƙali ba su tsira daga saɓani ba. A 1529 Luta ya zauna da wani malami na ƙasar Suwizalan mai suna Zwingli a garin Marburg. Cikin batutuwa 15 suka daidaita kan 14, suka rabu kan ma'anar gurasa da ruwan inabi na Jibin Ubangiji, alhali aya ɗaya ce a gabansu.

Daga nan wasu suka ce to, a bar rubuta aƙida gaba ɗaya. A 1708, a ƙauyen Schwarzenau na Jamus, mutum takwas, har da shugabansu Alexander Mack, suka yi baftisma a kogi suka kafa jama'ar da ake kira 'Yan'uwa. Sun ga yadda sarakuna suke tilasta wa talakawa aƙidar da aka rubuta, ana ɗaure wanda ya ƙi, saboda haka suka ce ba su da wata takardar aƙida sai Sabon Alkawari. Tsanani ya sa suka ƙaura zuwa Amurka, daga can kuma jikokinsu suka aiko Stover Kulp da Albert Helser, waɗanda suka fara wa'azi a gindin wata tsamiya a Garkida a 1923. A nan na gane inda maganar dattijo ta samo tushe, ko da yake ra'ayinsa nake faɗi, ban ce haka kowane mutumin ikilisiyarsa yake ba. A Amurka kuma an yi wani Thomas Campbell, wanda a 1809 ya yi kira ga Kirista su ajiye takardun aƙida su haɗu kan Littafi kaɗai. Jama'a da yawa suka bi. Amma kafin 1906 sun rabu biyu, cikin dalilan har da kayan kiɗa a wurin sujada. Waɗansu suka ce Sabon Alkawari bai ambata ba, saboda haka ba a yi. Waɗansu suka ce bai hana ba, saboda haka ba laifi. Ga shi ba takardar aƙida, ga kuwa rabuwa.

Da na gama wannan bincike sai na gayyaci su biyun zuwa zaurena bayan isha'i, na shimfiɗa tabarma, na sa aka dafa shayi. Na ba su labarin gonar marayu tun daga farko har ƙarshe, ban ɓoye laifina ba. Sa'an nan na ce, "Baba, Malam, a ofis in an yi shakkar rajista, uwar takarda ake ɗaukowa a jera su. Ku kuwa uwar takardarku tana hannunku da Hausa tun 1932, sa'ad da Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa suka gama fassara ta. Me zai hana ku jera su?"

Dattijo ya ce shawara ta yi, domin cikin Ayyukan Manzanni an yabi mutanen garin Biriya saboda ba su karɓi wa'azin Bulus da ka ba, sai da suka riƙa duba littattafai kullum su ga ko haka ne. Malam ya yi murmushi ya ce cikin littafin nan dai akwai labarin wani babban ma'ajin Habasha da yake karanta littafin Annabi Ishaya cikin karusarsa bai gane ba, sai da Filibus ya hau ya yi masa bayani. Ya ƙara da cewa, "Baba, ko jerin littattafai 27 ɗin nan da kake riƙe da su, ai ba cikin Littafi aka rubuta shi ba. Mafi daɗewar takardar da ta jera su daidai yadda suke yau wasiƙar Atanasiyus ce ta shekarar 367." Dattijo ya ce, "Malam, wanda ya shaida hatimin sarki ya ce na sarki ne, ba shi ya zama sarki ba." Na ce a raina, yau na ga gwanaye.

Dare uku suna wannan aiki. Malam ya karanta layi ɗaya na shaidar, ɗan dattijo ya buɗe Littafi ya nemo wurin, ni kuwa ina riƙe da fitila ina rubuta lambar sura da aya. Dattijo yakan saurara ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan yana nan, wuce." Da aka zo kan kalmar nan ta Nikiya sai aka tsaya cik. Dattijo ya ce a nuna masa ita. Malam ya ce ba ta nan, amma ga ayoyin da aka tattaro ma'anarta daga ciki. Dattijo ya ce ayoyin ya karɓa, kalmar kuwa ta masu ita ce.

Sai wata dabara ta faɗo mini. Na ce, "Baba, a bar tasu. Kai me ka gaskata game da Almasihu? Faɗa mini kamar yadda za ka faɗa wa jikanka." Ya gyara zama ya faɗi, ni kuwa ina rubutawa bai sani ba. Da ya gama na karanta masa, jimla shida. Na ce, "Wannan a wace sura take?" Ya ce, "Ba ta cikin sura ɗaya, tattarowa na yi." Na ce, "To, Baba, ai ka ga taka shaidar ke nan. Bambancinta da ta su Malam shi ne tasu a rubuce take kowa yana iya tuhumarta, taka kuwa tana cikin ciki." Ya yi shiru har na ji tsoro ko na yi rashin kunya. Can sai ya yi dariya ya ce, "Akawu, ka kama ni." Na juya wurin malam na ce, "Kai kuma, Malam, da a ce an jera an ga layi ɗaya ya saɓa wa Littafi, wanne za ka bi?" Ya ce, "Littafi mana, haka ƙa'idar cocinmu ta ce." Na ce, "To, don me ka auna Baba da motsin leɓensa, ba ka tambaye shi abin da ke zuciyarsa ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a gafarce ni."

Ban ce sun zama ra'ayi ɗaya ba, abin da ya gagari malaman duniya shekara 1700 ba a zauren akawu za a gama shi ba. Amma wasiƙar janyewa ba a rubuta ta ba. Bayan kaka aka ɗaura aure, aka aiko mini da tuwo da naman kaza har na raba wa maƙwabta. Dattijo yakan je cocin surukinsa lokaci lokaci, yakan faɗi shaidar tare da jama'a, in an zo kan kalmar nan ya yi shiru, in an wuce ya ci gaba. Malam kuwa ya daina duban bakinsa.

To, 'yan'uwana da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, ga abin da nake so ku riƙe. Dā in an ce muku ga abin da takarda ta ce, ba ku da abin yi sai ku ce to. Yanzu kun sami abin da tsohuwar nan mai gona ba ta samu ba, ita sai da ta roƙa a dubo mata, ku kuwa da idonku za ku duba. In an kawo muku taƙaitawar wata magana, ta gona ce, ko ta bashi, ko ta gado, ku karɓe ta da ladabi, gama waɗanda suka yi ta sau da yawa sun fi mu sani, sa'an nan ku nemi uwar takardar ku jera su. In kuwa kun karanta da kanku, kada girman kai ya ɗebe ku ku ce ba ku bukatar malami, domin abin da kuka fahimta shi ma taƙaitawa ce, ta mutum ɗaya, tana iya yar da harafi uku kamar yadda tawa ta yar. Ku faɗe ta a fili a gaban waɗanda suka sani, ku yarda a gyara muku. Ni dai tun ran da na tono akwatin nan ban sāke rufe rajista ba sai na karanta abin da na rubuta a gaban masu maganar, na kuma rubuta lambar uwar takarda a gefe, domin wanda zai zo bayana ya san inda zai kama ni.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.